Jaji, 2006: Yadda Murar Tsuntsaye Ta Gwada Shirin Duniya a Arewacin Nijeriya

A ranakun 17 da 18 ga Janairun 2006 ne wakilan ƙasashe da na manyan hukumomi suka hallara a Beijing, babban birnin Sin, suka yi alkawarin tara dala biliyan 1.9 domin yaƙi da murar tsuntsaye. A lissafin da ke gabansu a lokacin, cutar tana Asiya, ta taɓa gabashin Turai, amma ba ta shigo Afirka ba. Alhali tun wajen 10 ga wannan wata kaji suka fara zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Gonar tana da tsuntsaye kimanin 46,000, kuma kafin a tabbatar da abin da ke kashe su, kusan 40,000 sun riga sun mutu. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar da duniya cewa murar tsuntsaye ce, nau'in da ake kira H5N1, karon farko ke nan da aka tabbatar da ita a wannan nahiya.

Kusan wata guda ke nan tsakanin mutuwar kajin farko da sanarwa. A ganina, wanda ya fahimci abin da ya cinye wannan watan, da abin da ya faru da masu kaji bayansa, ya fahimci inda shirin duniya na tare annobar mura yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Me ya sa duniya ta firgita

Ciwon kaji ba sabon abu ba ne, kuma da a ce asarar kaji ce kawai, da ba a ga shugabannin ƙasashe suna taro a kai ba. Abin tsoron shi ne ɗabi'ar ƙwayar cutar mura. Ƙwayoyin halittarta a rarrabe suke sassa 8, saboda haka idan murar tsuntsu da murar mutum suka haɗu a jiki ɗaya, na mutum ko na alade, suna iya musayar waɗannan sassa, a samu sabuwar mura wadda jikin ɗan'adam bai san ta ba, kuma tana bin iska daga wani zuwa wani. Haka annobar 1957 da ta 1968 suka samo asali. Ta 1918 kuwa, wadda ta shigo Nijeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas ta bi layin dogo zuwa Arewa, ta hallaka gomman miliyoyin mutane a duniya.

H5N1 ta fara bayyana a jikin wata dinya a lardin Guangdong na Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, hukumomi suka hallaka kajin birnin gaba ɗaya, fiye da miliyan guda, cikin 'yan kwanaki. Ta yi shiru, sannan ta dawo a ƙarshen 2003, ta mamaye Biyetnam da Tailan da Indunusiya. A 2005 ta kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a tafkin Qinghai, daga nan ta nausa yamma: Rasha, Kazakistan, Turkiyya, Romaniya. A farkon Janairun 2006 yara suka mutu a gabashin Turkiyya bayan sun taɓa kajin gidansu marasa lafiya. Fiye da rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duniya ba su tashi ba. Abin da ya rage wa cutar shi ne ta koyi wucewa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi.

Shi ya sa aka raba aiki. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OIE, ke karɓar rahoton ɓullar cuta daga gwamnatoci. Hukumar abinci da aikin gona, FAO, ke shiga gonaki da kasuwanni. Hukumar lafiya ta duniya, WHO, na lura da mutane, Bankin Duniya na riƙe da kuɗi, kuma a watan Satumban 2005 Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya naɗa Dakta David Nabarro ya daidaita tsakaninsu. Ƙasashe masu arziki ba su ɓoye dalilinsu ba: idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Babu laifi a wannan. Matsalar ita ce dukkan wannan tsari, tun daga Janiba har Washington, yana jiran abu ɗaya ne kafin ya motsa, wato mai kaji ya buɗe baki ya ce kajina na mutuwa, kuma a samu wanda zai ɗauki maganarsa da gaggawa.

Watan da ya salwanta

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a Arewa ya san lokacin hunturu lokacin fakat ne. Kaza ta takure, ta daina cin abinci, ta yi gudawa, wuya ya karkace, kafin mako akurki ya zama wayam. Mutane sun saba, kuma sun san abin yi: a yanka wadda ta fara layi kafin ta zama mushe, a kai sauran kasuwa. Da kaji suka fara mutuwa da yawa a gonakin Kano da Kaduna a farkon 2006, abin da aka fara zato ke nan, fakat ko kwalarar kaji, aka yi ta dirka musu magunguna a ruwan sha. Ba jahilci ba ne. A ido, alamomin sun yi kama sosai. Kaza mai murar tsuntsaye kanta kan kumbura, zanko da leɓe su yi shuɗi-baƙi, jini ya kwanta a fatar ƙafafu, ƙwai ya ɗauke, amma sau da yawa ba ta ma kai ga nuna komai, da daddare tana tsaye, da safe a kwashe ta. Abin da ya bambanta shi ne saurin kisan da kuma yadda yake haɗawa da kajin da aka riga aka yi wa rigakafin fakat.

Tabbatarwa kuwa sai ɗakin gwaji. An kai samfuri Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, masananta suka ga alamar murar tsuntsaye ce, amma tantance irinta da hatimin da duniya za ta yarda da shi sai da aka aika da samfurin Italiya, zuwa ɗakin gwajin da OIE da FAO suka amince da shi kusa da birnin Padova. Kowane mataki ya ci kwanaki. A tsawon waɗannan kwanaki motocin ƙwai suna shiga suna fita, kiret ɗin da aka sauke a wannan gona gobe yana wata, dillalai na zagayawa da kwandunansu, masu lambu na sayen kashin kaji buhu-buhu, ma'aikacin da ya kwashe matattu da safe yana komawa gida da takalmin da ya yi aikin. Ƙwayar cutar tana daɗewa a cikin kashin kaji, musamman a sanyi. Ranar da Ministan Gona Adamu Bello ya yi sanarwa, cutar ta riga ta kai Kano da Filato, kuma cikin 'yan makonni aka same ta a Bauchi, Katsina, Abuja, har Legas.

Aikin farko a Jaji ma ya nuna yadda aka zo ba shiri. 'Yan jaridar da suka je sun ga ma'aikata na kwasar matattun kaji da hannu, babu safar hannu babu takunkumi, suna jefawa rami. Jiminun gonar kuwa 'yan sanda aka sa suka harbe su. Daga baya ne kayan kariya da maganin feshi suka fara isowa daga ƙasashen waje, ƙwararrun WHO da FAO da na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka sauka, aka kuma jingina da ma'aikatan rigakafin shan inna, waɗanda suka riga suka san kowane lungu, wajen isar da saƙo gida-gida. Ranar 29 ga Maris Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 50 ga Nijeriya. Idan aka duba yadda wannan banki yake tafiyar da al'amuransa, wannan sauri ne na gaske, kuma ya cancanci a faɗa.

Naira 250

Hanyar da Nijeriya ta zaɓa ita ce wadda OIE ta fi ba da shawara: a killace gonar da cuta ta ɓulla, a hallaka tsuntsayenta da na kewaye, a binne, a yi feshi, a hana zirga-zirgar kaji, a biya diyya. Ba a yarda da yi wa kaji allurar rigakafin wannan cuta ba. Dalilin shi ne kazar da aka yi wa allura tana iya ɗaukar cutar ba ta mutu ba, ta ci gaba da yaɗa ta a ɓoye, kuma ƙasar da ba ta da ƙarfin bin diddigi za ta rasa inda cutar take. Masar, wadda cutar ta shiga kwanaki kaɗan bayan Nijeriya, ta bi hanyar allura, kuma cutar ta zauna mata daram shekara da shekaru, ta kashe mutane da dama.

To amma hanyar hallakawa ba ta da wata ƙafa da take tsayawa a kai sai diyya. Gwamnati ta yanke naira 250 kan kowace kaza, 1,000 kan agwagwa, 2,500 kan talotalo, 20,000 kan jimina. Kazar da ke tsakiyar yin ƙwai, wadda aka ciyar wata biyar kafin ta fara biyan kuɗin abincinta, ta ninka wannan kuɗi a kasuwa. Sannan diyyar ta kajin da jami'ai suka hallaka da hannunsu ce kawai, waɗanda suka mutu kafin su iso ba sa cikin lissafi. A takarda wannan sharaɗi yana da hikima, domin yana nufin a kai rahoto da wuri. A ƙasa kuwa, idan mai gona ya kai rahoto ranar Litinin jami'ai ba su zo ba sai Juma'a, cutar da ke iya share ɗaki guda cikin kwana uku ta riga ta cinye diyyar tasa, kuma jinkirin ba nasa ba ne.

Mu sa kanmu a matsayin mai kaji 2,000 a bayan garin Kano, wanda ya ci bashin abinci, yara kuma na makaranta da kuɗin ƙwai. Ya wayi gari ya kwashe matattu 60. Idan ya kira malaman dabbobi, za a rufe masa gona, a kashe sauran, a rubuta sunansa, ya jira kuɗin da bai san ranar zuwansu ba, kuma ko sun zo ba za su mayar masa da rabin jarinsa ba. Idan ya kira dillali, kafin azahar an kwashe masu rai a farashi mai rahusa, kuɗi a hannu. Da yawa sun kira dillali. Ban ga dalilin zaginsu ba, lissafin da aka ajiye musu ke nan. Amma kowace mota da ta fita da irin waɗannan kaji ta kai cutar kasuwar 'yan kaji, inda kaza da zabo da agwagwa da tantabara ke kwana a kwando ɗaya, masu fige suna aiki a gefe da ruwan zafi guda tun safe, wanda bai sayar ba kuma ya mayar da nasa ƙauye da yamma. Agwagwa ta fi haɗari a nan, don takan ɗauki cutar tana yawonta lafiya lau.

Wannan duk maganar masu gidan gona ce, waɗanda ke da suna da adireshi. Mafi yawan kajin Nijeriya, kusan kashi 60 cikin 100 na miliyan 140 da aka ƙiyasta a lokacin, kajin gida ne masu kiwo a tsakar gida da bola, kuma akasari na mata ne da yara. Kaza biyar da zabbi uku su ne asusun matar ƙauye: kuɗin magani, gudummawar biki, abin yanka wa baƙo. Ba ta da rasit, ba ta cikin ƙungiyar masu kiwon kaji, kuma a al'ada ba ita za ta fito ta yi magana da baƙin maza masu fararen kaya da takunkumi ba. Idan an biya, sau da yawa maigida ne zai karɓa. Kada kuma a manta da lokacin. Ba a ma cika shekara biyu ba da kawo ƙarshen ƙauracewa allurar shan inna a Kano, kuma zancen gwajin maganin sanƙarau na 1996 bai bar bakin mutane ba. Jama'ar da ke cikin wannan hali aka ce su miƙa dukiyarsu a kashe bisa alkawari. Ɓoye kaji a ɗaka ko a tura su gidan 'yan'uwa a wani ƙauye ya fi kusa da hankali.

Iyaka ba ta tare komai ba. Kafin ƙarshen Fabrairu an tabbatar da cutar a Magarya cikin jihar Damagaram, 'yar tafiya kaɗan daga kan iyaka, inda kasuwannin ɓangarorin biyu suke cin juna kowane mako. A Maris aka same ta a jikin agwagwa a Marwa, arewacin Kamaru, sai Burkina Faso da Sudan da Kodebuwa a Afrilu. Gana da Togo da Benin suka biyo a 2007. Taron masu ba da agaji na gaba, a Disambar 2006, a Bamako aka yi shi.

An daɗe ana gardama kan ta inda cutar ta shigo. Wasu sun nuna tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai da Asiya suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi, wasu suka nuna 'yan tsakin da ake shigowa da su ta bayan fage duk da haramcin gwamnati. Binciken da masana daga Luksambag da Jami'ar Ibadan suka wallafa a mujallar Nature a Yulin 2006 ya nuna ba sau ɗaya ta shigo ba, iri uku ne mabambanta. Ko ma wane ne ya kawo ta, yaɗuwarta a cikin ƙasa a kan taya ta tafi.

Samfurin Jaji da rigimar da ya tayar

Akwai wani reshe na labarin da ba a cika sani a nan gida ba. Da ɗakin gwajin Italiya ya karanta tsarin halittar ƙwayar cutar da aka ɗauko daga Kaduna, an nemi shugabarsa, Dakta Ilaria Capua, ta ajiye bayanan a wata ma'adana mai kulle wadda ɗakunan gwaji 15 kawai ke da mabuɗinta. Ta ƙi. Ta sa su a GenBank, inda kowane masani a duniya zai gani kyauta, ta kuma yi kira ga takwarorinta su yi haka. Wannan mataki na cikin abubuwan da suka haifar da GISAID, ma'adanar da ta fara aiki a 2008, wadda daga baya duniya ta dogara da ita wajen bin sauye-sauyen korona.

Indunusiya ta kalli al'amarin ta wata fuska. A farkon 2007 ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta dakatar da aika samfura zuwa WHO, bayan ta gano wani kamfani a Ostareliya ya haɗa allura da ƙwayar cutar da aka ɗauko daga ƙasarta. Hujjarta ita ce talaka ya ba da samfuri kyauta, kamfani ya yi allura, mai kuɗi ya saye ta tun ba a gama ba. An soke ta ƙwarai, kuma gaskiya ne riƙe samfuri haɗari ne ga kowa. Sai dai annobar murar aladu ta 2009 ta gaskata ƙorafinta, domin allurar da aka yi wa ƙasashe matalauta alkawari ba ta isa yawancinsu ba sai a 2010, bayan guguwar ta wuce. A Mayun 2011 aka cimma yarjejeniya a zauren WHO: ƙasashe su ci gaba da ba da samfura, kamfanonin da ke amfana su riƙa biyan dala miliyan 28 a shekara, su kuma ware wani kaso na allura idan annoba ta zo. Tambayar Supari da ta mai kaji 2,000 duk ɗaya ce: in na faɗi gaskiya da wuri, me zan samu, kuma yaushe?

Gyara, nasara, da sakaci

A Janairun 2007 wata mata 'yar shekara 22 ta rasu a Legas bayan an yanka an kuma gyara kaza a gidansu, gwaji a Landan ya tabbatar H5N1 ce. Ita ce mutum ta farko da aka tabbatar cutar ta kashe a Afirka kudu da Sahara. A wannan shekara aka sake fasalin diyya da kuɗin Bankin Duniya, aka daina kuɗin bai-ɗaya, aka koma duba irin tsuntsu da shekarunsa da abin da aka kashe a kansa, farashin ya matso kusa da na kasuwa. Aka naɗa jami'an sa ido a jihohi da ƙananan hukumomi, aka ba su abin hawa, aka fara ɗaukar samfuri a kasuwannin kaji ba tare da jiran rahoto ba, aka ƙarfafa Vom har ta iya tantance cutar da kanta cikin ɗan lokaci. Irin wannan sa ido ne ya gano wani sabon nau'i a jikin agwagwa a kasuwar Gombe a Yulin 2008, watan da aka ga ɓullar ƙarshe a Kano da Katsina. Jimilla cutar ta taɓa jihohi 25 da Abuja, an rasa tsuntsaye kimanin miliyan 1.3, an biya diyyar naira miliyan 631 ga masu kiwo 3,037.

A dubi adadin nan na ƙarshe da kyau. Mutum dubu uku da 'yan kai, a ƙasar da kusan kowane gidan ƙauye ke da kaji. Nasarar ta gaske ce, Nijeriya ta yi shekara shida ba a ga cutar ba, abin da Masar da Indunusiya ba su samu ba. Amma matan da kajinsu suka mutu a tsakar gida ba su shiga wannan lissafi ba.

Wasu abubuwan da aka gina sun dawwama. Cibiyoyin sa ido kan mura a jikin mutane da aka kafa a 2008, ciki har da ta Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sun ci gaba da aiki, kuma shirin horar da masu bin diddigin cututtuka da aka fara a wannan shekara, wanda ya haɗa likitocin mutane da na dabbobi a aji ɗaya, ya ba da jami'an da suka taimaka wajen murƙushe Ebola a Legas a 2014. Abin da bai dawwama ba shi ne kuɗin. Shirin Bankin Duniya ya rufe a 2011, ba a kuma kafa wani asusun diyya na dindindin a madadinsa ba. Da wani sabon nau'in H5N1 ya ɓulla a Kano da Legas a Janairun 2015, gwamnati ta sanar da naira 1,450 kan kowace kaza, an biya rukunin farko, sauran suka yi ta jira, wasu har shekaru. Asarar wannan zagaye ta haura tsuntsaye miliyan 3, ta ninka ta farko. Cutar ta sake dawowa a 2021, kuma ta Kano ta fara.

Yau H5N1 ta fi yaɗuwa a duniya fiye da 2006. Ta kai Kudancin Amurka da yankin ƙanƙara na Antatika, kuma tun Maris 2024 tana cikin shanun madara a Amurka, inda ta kama wasu ma'aikatan gona. A daidai wannan lokaci Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa alkawarin kuɗi a Beijing, ta sanar da ficewa daga WHO a Janairun 2025, ta kuma rushe hukumar agajinta ta USAID, wadda a da take ɗaukar nauyin wani babban ɓangare na aikin sa ido da FAO ke yi kan cututtukan dabbobi a Afirka ta Yamma. A Mayun 2025 ƙasashe sun amince da sabuwar yarjejeniyar annoba, amma suka ɗage sashen da ya shafi musayar samfura da rabon allura zuwa wata tattaunawar. A gida kuwa, masu gidajen gona da dama na matsa wa gwamnati ta halatta allurar rigakafin kaji, tunda diyyar da aka hana su allurar dominta ba ta zuwa a kan lokaci, kuma wasu sun daɗe suna sayen ta a ɓoye.